Naman Ƙarƙashin Gado

"Ni fa, in aka ɗaura wa Gimbiya ƙugiya, ko babban cocin garin nan ne sai na ja shi har can kudu Patagoniya, kuma kafin ruwan shayin mate ya huce na isa!"

Mai wannan magana shi ne Fulgencio Arrieta, mai shagon katifa a garinmu Santa Rosa. Gimbiya kuwa wata a-kori-kura ce mai shekara ashirin da biyu a duniya, wadda kaya mafi nauyi da ta taɓa ɗauka shi ne katifa uku da filo shida. In ba ka san Fulgencio ba, abokina, ka yi asarar dariya ta kyauta. Gajere ne mai tumbi, da gashin baki cunkus wanda yake shafawa kafin ya yi kowace ƙarya. Ya fi likita sanin ciwo, ya fi makanike sanin inji, in ana kallon ƙwallo shi ke koya wa 'yan wasa ta cikin talabijin. 'Yan unguwa suna ce masa Injiniya, shi kuma yana amsawa da ƙarfi, bai san tsiya ake masa ba.

Abu ɗaya ne ya hana mai katifa barci: wuƙar surukinsa.

Don Eusebio, mahaifin matarsa Griselda, yana da gona kusa da Choele Choel, can ƙetaren kogin Colorado. Shekara hamsin shi ke tsayawa a bakin wuta duk ranar da dangi suka taru, da wuƙarsa mai ƙotar azurfa a ƙugu. In nama ya sauka, sai wani ya ce a tafa wa mai gashi, a tafa, tsoho ya ɗan sunkuyar da kai. To yanzu hannu ya fara rawa. Sai ya aika wa kowa cewa ranar Lahadin da zai cika tamanin zai miƙa wuƙar ga wanda zai gaje shi a bakin wuta. Ba shi da ɗa namiji, 'ya'ya mata biyu ne, don haka surukai biyu ke nan: Fulgencio da Nicanor, wani ma'aikacin gidan waya da ba ya furta kalma goma a yini.

Shekara goma sha tara da aure, ba a taɓa tafa wa Fulgencio ba ko sau ɗaya. Duk lokacin da ya matso wuta yana ba da shawara, sai tsoho ya ce, "Je ka ƙaro itace." In labari ya iso mu dariya muke yi, amma abin yana ci masa rai da gaske.

Wata safiya ya ajiye ƙoƙon mate a gaban matarsa, ya shafa gashin baki.

"Griselda, mene ne Baba yake kuka da shi kullum?"

"Gwiwarsa."

"Ban da gwiwa! Haƙarƙarin saniyar Pampa! Nan jiharmu ta Pampa aka haife shi, rabonsa da naman ya fi shekara goma. Duk wanda ya ɗora masa haƙarƙari huɗu a kan wuta, wuƙa tasa ce."

"Kai ma ka san nama mai ƙashi ba ya ƙetare kogi. Saboda cutar shanu aka kafa shingen bincike a bakin gada, ba don ado ba. Har da kare gare su."

"Kare yana shinshinar but ɗin mota. Kin taɓa ganin kare ya ɗaga katifa?" Ya nuna kansa da yatsa. "Tafi-da-gidanka zan saya, gidan taya da ake ja da mota, mai babban gado. Nama a ƙarƙashi, katifa a sama. Mu shiga gonar Baba da gida sukutum a bayanmu, Nicanor ya haɗiyi yawu."

"Fulge, ko amalanke ba ka taɓa ja ba."

"Mata ke nan. Ana maganar ilimi, kina maganar amalanke."

A filin sayar da gidajen taya da ke bakin gari, wani dattijo mai suna Don Zoilo ya tarbe shi da mate, ya nuna masa wani ɗan ƙarami mai kyau, daidai mutum biyu, daidai ƙarfin tsohuwar mota. Gogan naka ko kallo bai ishe shi ba. Mutane in sun zo sayen irin wannan abu suna duba tayoyi da birki da rufi. Shi kuwa sai ya riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga katifa, yana cusa kai a akwatin ƙarƙashin gado, yana aunawa da taƙi. Daga ƙarshe ya tsaya a gaban wani ƙato mai tsawon mita bakwai, da kicin da banɗaki da wurin wanka da labule mai furanni. Gadon yana can ƙarshen wutsiya, akwatinsa zai ɗauki ɗan maraƙi a kwance.

"Wannan nake so."

"Madalla. Da me za ka ja shi?"

Fulgencio ya nuna Gimbiya, wadda take tsaye a rana tana ɗigar da baƙin mai. Don Zoilo ya ƙware, sai da mate ya fito masa ta hanci.

"Ranka ya daɗe, ka san nauyin gidan nan kuwa? Bari in ɗauko takarda mu gwada da abin da motarka..."

"Don Zoilo, ni Injiniya ake ce min. Tambayi kowa."

"To ko ba ka ji komai ba, ka ji wannan. Kaya masu nauyi a gaban tayoyi ake sa su, kusa da ƙugiya. Kada ka loda wutsiya."

"Na sani tun kana goye."

Da aka zo maganar kuɗi, sai ya zaɓi biya wata-wata har wata arba'in da takwas. Ya jingina da kujera yana koya wa mai kaya tattalin arziki. "Bashi a ƙasar nan ai kyauta ne, ɗan'uwa. Nan da shekara biyu abin da zan riƙa biyanka ko burodi ba zai saya ba. Hauhawar farashi ce za ta biya min, ni dai sa hannu ne nawa." Ya zabga sa hannu mai jela a shafi huɗu, bai karanta ko layi ɗaya ba. Don Zoilo ya ƙara masa mate, har da biskit.

Griselda ce ta karanta takardar a gida, da tabarau a kan hanci.

"Fulge. Wannan alamar da ke gaban lambar, peso ce?"

"To me za ta zama?"

"Dala ce. Da dala ka ci bashin nan! Tun da uwarka ta haife ka, ka taɓa ganin dala ta rame a ƙasar nan?"

Ya shafa gashin baki, ya ce ai da gangan ya yi, manyan 'yan kasuwa da dala suke hulɗa.

Ranar Asabar da sassafe aka yi lodi. Haƙarƙari huɗu manya, buhun ƙanƙara ashirin, duk a akwatin ƙarƙashin gado. Ya ga akwai sauran wuri a wajen, ya ƙara da itacen gashi dami takwas da ragar ƙarfe mai nauyin jaki, duk a wutsiya. Da aka ɗaura ƙugiya, gidan ya zauna a kan ɗuwawunsa, ya ɗaga bayan Gimbiya sama har tayoyinta na baya suna taɓa ƙasa da ƙyar. Maƙwabta suka fito da kayan barci suna kallo.

"Injiniya, motarka tana ɗingishi ko rawa take?"

"Tsayuwar tsere ke nan, jahili!"

Har suka fita gari lafiya lau, domin a hankali ake tafiya. Da suka hau miƙaƙƙen titin kudu, mutumin naka ya taka mai. Allura na taɓa sittin, gidan ya fara kaɗa wutsiya. Ya yi dama, Gimbiya ta bi shi. Ya yi hagu, ta bi shi. Wata babbar mota ta wuce su da iska, sai ga su a hannun da ba nasu ba, tukwane suna kiɗa a kicin, labule mai furanni yana ɗaga wa shanu hannu ta taga.

"Fulge! Wa ke tuƙa wani, kai ko gidan?"

"Sabo yake yi da motar! Sabon aure ne, dole a yi 'yar hayaniya!"

"Rage gudu ko in sauka ta taga!"

Ya rage zuwa hamsin, ba ta daina ba. Arba'in, tana ɗan girgiza. A talatin da biyar aka samu zaman lafiya. Tafiyar da ya ce awa uku ce ta zama ta yini. Tarakta ta wuce su. Wani tsoho a kan babur da kwandon ƙwai ya wuce su, har ya ɗaga hula. Ranar Janairu, watan tsananin zafi a wurinmu, ta hau tsakiyar ka, gidan kwano ya zama tanda, buhun ƙanƙara ashirin suka fara komawa asalinsu. Wani ruwa ja-ja ya soma ɗiga daga wutsiya yana zana layi a kwalta.

A gidan man ƙarshe kafin kogi, kare ɗaya ya shinshina layin ya biyo su. Kafin su fita ƙauyen sun zama bakwai, kuma a gudun da Gimbiya take yi ba wanda ya wahala. A sama kuma shirwa uku suna rakiya.

Ƙarfe biyu na rana suka iso shingen da ke bakin gada. Wata jami'a mai fara'a ta matso, riƙe da igiyar wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa.

"Barka da rana. Akwai nama ko 'ya'yan itace a tare da ku?"

"Nama?" Fulgencio ya dafe ƙirji. "'Yata, shekara uku ke nan likita ya hana ni. Ko warinsa ba na so."

Jami'ar ta leƙa baya. Karnuka bakwai sun zauna a jere a bayan gidan kamar masu jiran albashi. Nata karen kuwa ya riga ya ja ta har wutsiya, ya kafa baki a inda ruwan ke ɗiga, jelarsa tana neman tsinkewa. Aka buɗe ƙofa, ya yi tsalle ɗaya ya haye gado, ya ɗaga kai sama ya fara kuka mai ban tausayi.

"Yallaɓai, katifarka tana zubar da jini."

"Sabon samfuri ce, mai ruwa a ciki. Sana'ata ce, na fi ki sani."

Ta ɗaga katifar da hannu ɗaya. Griselda ta rufe fuska da jakarta.

"To, hanya biyu ce," in ji jami'ar, ba ta ko ɗaga murya ba. "Ko ka bar mana mu binne shi, ko ka juya da shi inda ka fito. In kuma kun cinye a wannan gefen, abin da ke cikin ciki ba ruwanmu da shi."

Gogan ya raɗa wa matarsa cewa ya san wata hanyar ƙasa da ke zagaye shingen, wadda ba shi da masaniyar ko akwai ta. Ya ce wa jami'ar zai juya. Ita kuma ta ce to ya ɗan yi baya, ya shiga filin da ke gefe.

Nan ne fa ido ya raina fata, domin a duk iliminsa ba wanda ya gaya wa Injiniya cewa gidan taya ba ya bin umarni a ribas. Ya murɗa sitiyari dama, gidan ya yi hagu. Ya murɗa hagu, ya yi dama. Griselda ta sauka tana ɗaga hannu, "Tsaya! Tsaya!" Shi kuma yana ihu, "Na gani! Kar ki rikita ni!" Ya taka mai da zuciya. Sai ji kake ƙaras! Gidan ya naɗo ya sumbaci Gimbiya a kwankwaso, fitilar baya ta tarwatse, ƙugiya ta lanƙwashe, wani hayaƙi mai warin ƙonannen gashi ya taso daga kuloci. Mita bakwai na tafi-da-gidanka ya kwanta a gicciye, ya toshe hannu biyu na titi, ba gaba ba baya.

Aka buga wa mai janwe waya a gari. Matarsa ta ce yana barcin rana, kuma ko gadar ce ta faɗi ba ta tashinsa kafin ƙarfe shida.

Cikin rabin awa manyan motoci sun yi layi har inda ido ya ƙare. Direbobi suka sauko da butocin ruwan zafi a hammata, suka kewaye abin al'ajabi. Babbansu wani ƙato ne mai suna Robustiano, mai dakon albasa. Ya zagaya gidan sau biyu, ya leƙa ƙarƙashin gado, ya cire hula.

"Maigida, titin da ka tare mun yafe. Amma a binne wannan haƙarƙarin? Allah ba zai bar mu ba."

Sai idon Fulgencio ya yi haske. Ga nama, ga itace, ga raga, ga 'yan kallo arba'in.

"Ku matsa! Yau za ku ga yadda ake gashi a Santa Rosa!"

Ya tara itace a gefen titi, ya ƙyasta ashana biyar, iska ta kashe. Sai ya zuƙo fetur daga tankin Gimbiya a gwangwani. Direbobi arba'in suka ja numfashi tare, domin a wurinmu wanda ya hura wutar gashi da fetur, gara a ce ya zagi kakarsa.

"Maigida, kar ka..."

Fuu! Wuta ta tashi ta gaishe shi, ta koma. Da hayaƙi ya washe, gashin bakin dama yana nan, na hagu ya riga mu gidan gaskiya.

Griselda ta ajiye jaka, ta ɗaure gashinta, ta ture itacen da ya sha fetur da ƙafa. Ta nemi busasshiyar ciyawa da takardar burodi, ta hura sabuwar wuta a bayan tayar wata mota inda iska ba ta kaiwa. Ta jira itace ya zama garwashi, ta barbaɗa gishiri, ta kwantar da haƙarƙarin ƙashi a ƙasa, ta miƙa tafin hannu a kan raga tana ƙirga zafin.

"Ke, a ina kika koyi wannan?" in ji mijin, yana dafe da rabin fuska.

"Shekara ashirin ina tsaye kusa da Baba kafin ka zo. Ni ba a aike ni itace ba."

Ya ce ai ƙugiyar ma tana buƙatar ƙwararre, minti biyar zai miƙe ta. Ya shige ƙarƙashin mota da guduma. Daga can yake jefo umarni, "Juya shi yanzu! Ƙara wuta!" Ba wanda ya ko waiwaya.

Awa uku da rabi ƙamshi yana tashi. Da naman ya sauka, ƙashi yana zamewa da kansa. Direbobi suka fito da wuƙaƙensu da burodi, jami'an da suka tashi aiki suka zo da faranti, ɗan kare mai kunnuwa ya samu ƙashi mafi girma a tarihin aikinsa, karnuka bakwai ma ba su yi tafiyar banza ba. Sai Robustiano ya miƙe, bakinsa yana ƙyalli, ya daka tsawa:

"A tafa wa mai gashi!"

Tafi ya ɓarke, wasu har da hon. Fulgencio yana kwance a ƙarƙashin Gimbiya, baƙin mai yana ɗiga masa a goshi, yana jin tafin da ya yi shekara goma sha tara yana jira, da namansa, da itacensa, da bashinsa, ya wuce ta kansa ya sauka a kan matarsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A nan kam na tausaya masa, har ga Allah. Da ya rarrafo ya fito, guntun burodi ne ya rage da ɗan kitse.

Mai janwe ya zo ya janye gidan daga kan titi, ya kwashe Gimbiya zuwa gareji, suka kwana a gidan taya a gefen shinge, kan katifa mai warin mahauta. Da safe Robustiano ya ce ba zai bar mace mai irin wannan hannu a titi ba. Ya ɗaura gidan a bayan motarsa, ya ba Griselda kujerar gaba. Injiniya kuwa a kan buhunan albasa ya yi tafiyar.

Haka suka shiga gonar Don Eusebio da hantsin Lahadi, dangi sun cika ƙarƙashin bishiyoyi. Robustiano ya sauke gidan kusa da akurkin kaji, ya sauke wa Griselda buhun albasa guda kyauta, ya sumbaci hannunta ya tafi. Fulgencio ya diro yana kakkaɓe ɓawon albasa, ya kai hannu zai shafa gashin baki, ya tarar da rabi.

"Baba, barka da cika tamanin! Ba za ka yarda da abin da ya same mu ba. Wata guguwa ce ta taso, da ba don ƙwarewata a tuƙi ba..."

"Mun gani," in ji Nicanor, ya ɗaga waya. Wani direba ya ɗauki komai a bidiyo, daga ribas da fetur har tafin ƙarshe, kuma tun jiya dangi suke kallo suna maimaitawa.

Don Eusebio yana zaune a kujerarsa, ga raguna biyu an feɗe an rataye a bayansa.

"Tun ranar Juma'a na sa a ware su," ya ce, "domin na san surukina." Ya zaro wuƙa mai ƙotar azurfa daga ƙugu. Fulgencio ya gyara tsayuwa, ya ɗan miƙo hannu, ko da rabo. Tsoho ya kalli bayan Fulgencio. "Griselda, zo nan. Na yi ta neman magaji a cikin surukai, ashe tsufa ya taɓa min ido. Direba arba'in ba sa tafa wa mutum don kunya. Riƙe."

Ta karɓa da hannu biyu, idonta ya ciko. Aka tafa mata karo na biyu cikin kwana biyu. Nicanor ya fi kowa tafi, don dama shi tsoron wuta yake.

"To ni fa, Baba?" Muryar Injiniya ta dawo 'yar ƙarama. "Ni na kawo gida..."

"Ka kyauta. Tun da ba abin da zai ja shi ya koma, kajina sun gode. Ka ci gaba da biya, su za su ci gaba da kwana."

Sai tsoho ya laluba aljihu, ya fito da wata 'yar wuƙar kicin mai ƙotar roba, ya danƙa masa, ya nuna buhun da Robustiano ya bari.

"Ga taka. Je ka yanka mana albasa. Ko banza kuka kake shirin yi, gara mutane su ɗauka ita ce."